Yayana Ya Ɗora Muryata a Bakin Wata

Assalamu alaikum Admin, sannu da ƙoƙari. Don Allah ki saka min wannan a group amma ki cire sunana, don akwai 'yan unguwarmu a ciki, na sha ganin kwamen ɗinsu. 'Yan uwa shawararku nake nema, kuma duk wanda zai zage ni ina roƙonsa ya daure ya kai ƙarshe tukunna. Na san akwai laifina a ciki, ban zo wanke kaina ba.

Ni 'yar cikin birni ce, wajen Jakara, shekarata ashirin da shida, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Gwale. Asalin kakanninmu Barebari ne, amma ko Baba a nan aka haife shi, abin da ya rage mana na can sai karatu da sana'ar turaren wuta. Baba shi ne limamin masallacin layinmu, da safe yana ba da karatun littattafai a zaure, da yamma kuma matan unguwa suna shigowa cikin gida ɗaukar karatun Alƙur'ani. Da Ummanmu ce take biya musu, da Allah ya yi mata rasuwa shekara biyar da suka wuce sai abin ya dawo kaina. Baba ba mafaɗaci ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga mana murya ba, idan ransa ya ɓaci shiru yake yi, kuma wanda ya san shirun nan ya san gara a dake shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka ba ya kiran sunana, Uwata yake ce min.

Mu biyu Umma ta bari, ni da Yayana, ya girme ni da shekara shida. Shi yake riƙe da shagon turarenta a Kurmi. Tun yana sakandare yake son kiɗa, har ya sayi wata tsohuwar fiyano ya kai ta ɗakin ajiyar kaya da ke saman shagon, ya haɗa da kwamfuta da ɗan makirfo. Baba ya san yana wannan taɓe-taɓen, ya yi masa magana sau biyu ya ƙyale shi. Lokacin da Umma ta rasu Yaya ne ya riƙe ni, na yi watanni ba na cin abinci sai ya zauna a gabana ya sa hannu mun ci tare, shi yake kai ni makaranta a babur ya koma ya ɗauko ni, ko ciwon kai na yi shi nake fara gaya wa. Na faɗi wannan ne don ku san ko wane ne mutumin da na kawo ƙararsa.

Abin ya fara ne shekara biyu da 'yan watanni. Ran nan Baba ya tafi ta'aziyya, ina wanke-wanke a tsakar gida ina bin wata waƙar fim da ta cika gari a lokacin, waƙar namiji ce mai zafin kiɗa, ni kuma na ja ta a hankali yadda ta zo min. Ashe Yaya yana bayan ƙyaure yana ɗauka a waya. Da ya kunna min sai da na sa ya maimaita, don ban taɓa jin muryata daga waje ba. Ya ce mutane da yawa yanzu abin da suke yi ke nan, su ɗauki waƙar da ta yi tashe su maimaita ta da salonsu su saka a intanet, abin nan da ake cewa cover, kuma a cikinsu bai ji wadda ta kama ƙafata ba. Na ce ya rufa min asiri, ni 'yar liman. Ya yi sati biyu yana lallaɓa ni. Daga ƙarshe na yarda, amma na ce ba fuskata ba sunana, ko yatsana kada ya fito, kuma ba abin da za a saka sai na saurara na ce a saka. Ya ce, “Auta, ko wuƙa aka sa min a wuya ba mai jin sunanki daga bakina, kuma shafin nan naki ne, ni ɗan kiɗa ne kawai.” Har da rantsuwa.

Duk ranar Asabar da hantsi sai na ce wa Baba na tafi taya Yaya haɗa turare, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, nakan yi awa guda ina haɗawa, sannan mu hau sama. Ɗakin ɗan ƙarami ne, mun jingina tsofaffin katifu biyu a bango, mu rufe taga mu toshe ƙasan ƙofa da buhu, zufa tana zuba, ga janareton maƙwabta, wani lokacin sai mun jira mai turin baro ya gama ihun a ba shi hanya sannan na ɗora daga inda na tsaya. Baiti ɗaya sai na maimaita shi sau goma. A bidiyon ba abin da ake gani sai hannun Yaya a kan fiyano da kaskon turare yana hayaƙi a gefe. Ba zan faɗi sunan shafin ba, amma na san wasunku sun riga sun gane.

Ni nake zaɓar waƙa. Ina tafiya makaranta da iyafis a ƙarƙashin hijabi ina saurarenta har ta zauna min, inda aka yi maganar da ba ta dace ba na canza kalma, inda mai ita ya yi gudu ni na tsaya. Cikin 'yan watanni abin ya kama. Mutane suna turo sunan waƙoƙi suna roƙon a yi musu, wasu suna musu a kwamen, wannan ya ce 'yar Damagaram ce, wancan ya ce ai daga jin Hausarta Bakanuwa ce. Wata baiwar Allah ta rubuta cewa waƙarmu ta yi ta saurara ranar da ta yi doguwar naƙuda a asibiti. Har ɗaya daga cikin masu waƙoƙin da kansa ya taɓa shigowa ya yaba, ranar na shiga banɗakin malamai na karanta ya fi sau goma. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin nan. Ina tsaye a layin niƙa na ji muryata tana tashi a wayar wata, ba wanda ya san ni ce, kuma wannan ya ishe ni. Kuɗin da shafin yake kawowa ban taɓa tambaya ba har yau, don Allah kada a kai maganar can, ba shi ne ciwona ba.

A duk abin da muka ɗauka, waƙa ɗaya ce tawa ta kaina. Na rubuta ta ne lokacin da Umma ta cika shekara huɗu da rasuwa. Na sa yadda take shanya itacen turare a faifai a kan katanga, da yadda take gyaran murya kafin ta fara biya wa mata karatu, da ranar da na dawo daga makaranta na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na ambaci sunanta a baitin ƙarshe. Ranar da muka ɗauka sai da Yaya ya cire hedfon ya fita waje, ya dawo idonsa ja. Na ce wannan ba ta shafi ba ce, tamu ce ni da shi, ya ce ko ban faɗa ba.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, Yaya ya raka Baba asibitin ido. A hanyar dawowa suka hau adaidaita sahu, direban yana jin ɗaya daga cikin waƙoƙinmu. Yaya ya ce min Baba ya kasa kunne har ta ƙare, sannan ya taɓa kafaɗar direban ya ce, yaro maido ta baya. Baba, wanda ko a gidan biki aka kunna kiɗa tashi yake yi. Shi ya koya min karatu tun ina shekara huɗu, ya san inda nake jan numfashi, ya san yadda nake fitar da harafi. Da suka sauka tambaya ɗaya ya yi wa Yaya, ko ya san mai wannan muryar, Yaya ya ce bai sani ba.

Ni bai ce min komai ba. Amma daga ranar Uwata ta ɓace a bakinsa, sai ke, ko ya yi gyaran murya kawai na gane ni yake kira. Idan na kai masa abinci ba ya ɗaga kai. Bayan kwana uku ya ce na huta da karatun mata, ya ga aiki ya yi min yawa, ya miƙa su ga matar ladan. Na rame a satin nan. Na samu Yaya ina kuka na ce ya goge shafin nan gaba ɗaya, ya ce a'a, idan aka goge yanzu ai an tabbatar wa Baba ke nan, na bar masa komai zai san yadda zai yi. Muka dakatar da ɗaukar waƙa.

Kwana goma bayan haka ina ofishin malamai ina duba littattafan yara, wata abokiyar aikina ta miƙo min wayarta ta ce na gani, yarinyar nan mai waƙa ta bayyana fuskarta. Na karɓa. Wata yarinya ce fara, doguwa, ta sha lafaya, tana zaune a wani lambu, bakinta yana motsi, muryata tana fita. Har inda nake ɗan karya murya ta iya lumshe ido a wurin. A ƙasa an rubuta cewa bayan dogon jira yau ga mai muryar. Abokiyar aikina tana cewa ai daga ji ka san kyakkyawa ce, ni kuwa na ce mata fitsari nake ji na fita. Na gwada shiga shafin a wayata, an canza fasawod.

Daga makaranta Kurmi na wuce kai tsaye. Mun yi rigimar da ba mu taɓa yi ba, na tuna masa alkawarinsa cewa ba abin da za a saka sai na ji, shi kuma ya ce ni ba ni da godiya, ya hana idonsa barci yana neman hanyar da zai wanke ni a wurin Baba, ya samo yarinya ya roƙe ta ya koya mata cikin kwana goma, ga sakayyar da zan yi masa. Ya ce bai gaya min ba ne don ya san zan ƙi, fasawod kuma ya canza ne saboda kada wata rana Baba ya sa a duba wayata a ga shafin. Na ce to ya kai wa Baba bidiyon mana ya gani, ya ce idan shi ya kai Baba zai gane shiri ne, a bari labari ya iske shi da kansa. Jama'a na yarda. Wallahi har haƙuri na ba shi, har godiya na yi masa kafin na tafi.

Daga nan sai tsofaffin waƙoƙinmu suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya da fuskar yarinyar, zan kira ta Nabila, ba sunanta ba ne. Yau tana bakin ruwa, gobe tana cikin mota, jibi tana tallan atamfa da man shafawa. Idan ta yi magana a bidiyo muryarta ta fi tawa kauri, wasu suka lura, wasu suka ba su amsa cewa ai haka mawaƙa suke. Mutanen da suka shekara biyu suna yi min addu'a suka koma kiran sunanta. Ina gani ina haɗiyewa, ina ce wa kaina ai don rufin asirina aka yi. Baba kuwa yana nan yadda yake, don shi ba ya riƙe babbar waya, kuma ba mai zuwa zauren liman da bidiyon waƙa.

Juma'ar makon jiya na dawo gida na buɗe data, abin da na fara cin karo da shi waƙar Umma. Nabila ce zaune a kan tabarma da farin mayafi, hawaye yana bin kumatunta, tana motsa baki tana faɗin yadda uwata take shanya turare a faifai. An yanke baitin ƙarshe mai sunan Umma. A ƙasa mutane ɗaruruwa suna yi mata ta'aziyya, Allah ya ji ƙan mahaifiyarki, Allah ya ba ki haƙuri Nabila. Na zauna a bakin gado ban san iya lokacin da na ɗauka ba, tuwon da na ɗora ya kama har ƙauri ya kai zaure.

Washegari Asabar na tafi shago da azahar. Yaya ya tafi masallaci, maƙwabcinsa ne yake duba masa kaya, na hau sama na tarar da Nabila tana gyara kwalliya a madubin jaka. Na yi sallama, ta amsa, na ce ni ƙanwarsa ce, na tambaye ta ya gida ya aiki. Ina magana tana kallon bakina. Can ta ajiye madubin.

Ta ce, “Anti, don Allah sake magana.”

Na ce me zan ce.

Ta ce, “Ke ce.” Ta ƙara da cewa, “Kullum da muryar nan nake yini a kunnena, ke ce.”

Ban musa ba. Na tambaye ta me aka gaya mata. Ta ce Yaya ya ce mata wata matar aure ce a Zariya ta yi waƙoƙin, mijinta ya hana ta, ta sallama masa su gaba ɗaya ta ce ya yi yadda ya ga dama. Na ce to yaushe suka fara. Ta ce tun sati biyu kafin azumi, ya ce mata masu ba da talla sun matsa suna son fuska, duk ranar Laraba take zuwa ɗakin nan ya kunna mata ta yi ta bin waƙar da baki har ta iya. Na ce ba zai yiwu ba, ai bayan Sallah ne. Ta buɗe wayarta ta nuna min saƙonninsa, ga rana ga wata. A cikin azumin nan ina zuwa ranar Asabar da ƙishirwa ina ɗaukar waƙa, ashe ranar Laraba wata tana zama a kujerata tana haddace numfashina. Kusan wata biyu kafin Baba ya hau adaidaita sahun nan. Bidiyon lambun ma an ɗauke shi tun kafin Sallah, ajiye shi kawai aka yi ana jiran ranar da za a samu abin da za a gaya min.

Na tambaye ta hawayen fa. Ta sunkuyar da kai ta ce man zafi ya sa ta shafa a ƙasan ido. Mahaifiyarta tana nan da ranta a Ɗorayi, har ta yi mata faɗa don wata ƙawar uwar ta bugo waya tana kuka, ta zaci uwar ta mutu. Da na ce mata waƙar uwata ce, kuma uwar wanda ya ba ta man zafin ce, sai ta fashe da kuka na gaske, tana cewa na yafe mata ba ta sani ba. Ban iya jin haushinta ba. Yarinya ce, ba ta fi ashirin ba.

Da Yaya ya dawo ya gan mu tare, sai ya ce mata ta je gida. Wannan karon bai yi rantsuwa ba, bai ma musa ba. Ya ce murya ba fuska ba ta zuwa ko'ina, shekara biyu yana kaɗa fiyano yana gyara sauti yana amsa saƙon mutane, ni Asabar kawai nake zuwa na buɗe baki na tafi, kuma ni da shi mun san har abada ba zan taɓa fitowa ba, to ya zauna ya zuba ido abin ya mutu a hannunsa? Na ce waƙar Umma fa, ya ce Umma ba ni kaɗai ta haifa ba, shi ma yana da haƙƙi a cikin kukan. Sannan ya ce waƙoƙin da ke ajiye sun kusa ƙarewa, akwai sababbi biyu da suke tashe yanzu mutane suna ta nema, kuma an gayyaci Nabila wani kamu wata mai zuwa, don haka na daina wannan fushin na dawo aiki. Na ce na gama har abada. Ya nuna kwamfutar da haɓa ya ce na dai san komai yana cikin nan. Sai a lokacin na tuna yakan ɗauke ni a waya ina gaban makirfo ba hijabi, yana tsokanata, muna dariya. Bai ce zai saka ba, amma ni ba yarinya ba ce. Na ce to ni da bakina zan gaya wa Baba komai. Ya ce na gaya masa, sai mu gani tsakanin ni da shi da Baba wa zai kasa ɗaga kai a masallaci.

Na kwana da niyyar zan faɗa, na tashi da ita. Amma da hantsi ina shara na ga Yaya ya shiga zaure bayan ɗalibai sun watse, ya daɗe a ciki. Bidiyon da ya ce idan shi ya kai za a gane shiri ne, ranar ya kai shi.

Bayan la'asar Baba ya shigo cikin gida, ya tsaya a bakin ɗakina, abin da ba ya yi, ya ce, “Uwata, zo.” Sama da wata biyu rabon da na ji wannan kiran. Na bi shi rumfa, ya zauna a kan buzunsa, na durƙusa nesa kaɗan, ya ce na matso.

Ya ce, “Akwai haƙƙinki a kaina, ina so na sauke tun ina da rai. Na ji wata murya a hanya, zuciyata ta ce min ke ce. Ban tambaye ki ba, ban bincika ba, na yanke miki hukunci a raina, na raba ki da karatun da mahaifiyarki ta bar miki. Yau yayanki ya nuna min mai muryar da idona. Kullum ina gaya wa mutane su guji zato, ga shi na yi shi a kan 'yata.”

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, na ce Baba. Ya ɗaga min hannu ya ce na bari ya gama. Ya cire tabarau ɗinsa ya goge ido da bakin rawani.

Ya ce, “Ki yafe min, Uwata. Kunnen tsoho ne, ya fara yaudarata.”

Mutumin da ya haura saba'in, wanda layi guda suke bin sa sallah, yana roƙona gafara a kan abin da ya ji daidai. Kunnensa lafiya lau yake. Ni kuma na ce, “Ba komai Baba, na yafe.” Da bakina na faɗa. Ya sa min albarka, ya ce gobe na koma wa ɗalibaina. Da na fito Yaya yana tsaye a bakin rijiya yana alwala, bai kalle ni ba.

Yau kwana huɗu ke nan. Na koma biya wa mata karatu, Baba yana zaure yana jiyo ni, jiya har ya aiko a ce min na biya wata aya da kyau. Ba na iya haɗa ido da shi. Da can ɓoye masa na yi, wannan na yarda laifina ne, amma yanzu na karɓi ban haƙurinsa a kan ƙarya, kuma na bar shi yana ganin kansa mai zunubi. Idan na faɗa masa gaskiya, zai san 'yarsa ta shekara biyu tana waƙa a bayan idonsa, ɗansa ya kalli ƙwayar idonsa ya yi masa ƙarya sau biyu, kuma ni na zauna na bar shi ya zubar da hawaye a gabana. Yana da hawan jini, ba shi da wasu 'ya'yan sai mu. Kuma ban san abin da Yaya zai yi da abin da ke cikin kwamfutar nan ba idan aka ƙure shi, da can zan iya rantsuwa ba zai taɓa ba, yanzu ba zan iya ba. Idan kuma na yi shiru, to na zama tasa ke nan, duk Asabar na hau benen nan na zuba muryata a ɗora wa wata. Nabila ta kira ni sau biyu, ta ce idan ina so za ta fito ta ce ba ita ba ce, amma da ta faɗa tambayar farko da za a yi ita ce to wace ce, ita ma kuma zagi za ta sha a kan abin da aka yaudare ta.

Abin da ya fi ci min rai, har yanzu idan na ji sabuwar waƙa a hanya sai na tsinci kaina ina lissafin inda zan sassauta ta, sai na tuna ba ni da wanda zan kai wa. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan ɓangaren nawa.

Don girman Allah ku ba ni shawara, musamman iyaye da malamai da ke cikin group ɗin nan. Na faɗa wa Baba, ko na bar shi da kwanciyar hankalin da ya samu ko da a kan ƙarya ne? Idan faɗa zan yi, ni kaɗai zan same shi ko na nemi wani babba ya shiga? Kuma akwai hanyar da zan sa a sauke waƙar Ummata daga shafin nan ba tare da sunana ya fita ba? Ko da sauran duka za su tafi, wannan ɗayar nake so a dawo min da ita.

Ɗazu da safe Yaya ya turo min sababbin waƙoƙin nan biyu a waya, bai rubuta komai a ƙasa ba sai kalma biyu, “ƙarfe goma”. Jibi ne Asabar. Me zan yi?